Ba Sai Jirgin Kara Ya Tashi Ba

Daga ƙarshen Oktoba, idan an gama girbi a ƙasar Rogo da Karaye, babu abin da ya kai kara yawa. Manya su ɗebi na danni da na girki da na dabbobi, ragowar kuma ta zama ta yara. A Zoza, kamar a sauran garuruwan wannan kusurwa da Kano ta yi iyaka da Katsina da Kaduna, yaro ɗan shekara goma ya san yadda ake ɓare bayan kara a feƙe shi ya zama ƙusa, a yayyanka totuwar, a yi ta sokawa ana haɗawa har mota ta fito. Wanda hannunsa ya nuna yakan bar kara ya koma gwangwanin madara da waya da langa-langa, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa, wani lokaci ya ƙara da ɗan injin da ya ciro daga mataccen rediyo. Kakanninsa ma sun yi haka. Abin da suka rasa, shi kuma ya samu, shi ne wayar yayansa mai kyamara.

Da wannan waya ne aikin yaron ke isa gaban masu ilimin zamani a birni, kuma a nan ake yi masa illar da ta fi raini muni, domin da yabo ake yin ta. Da zarar bidiyon wata tirelar gwangwani ko wani jirgin sama na kwali ya zaga Facebook, martanin ba ya sauya zani. Za a ce ga injiniyan gobe. Za a yi kira ga gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsa. Idan an yi dace, wani ɗan siyasa ya ɗauki hoto da shi. Sannan a jefo tambayar da ke rufe zancen: to, yana tashi? Tana tafiya da kanta?

Wannan tambaya kuskure ce tun daga tushe, kuma ta jawo wa ƙasar Hausa asarar wata sana'a sukutum, wadda masana'antar fim ɗinta ke matuƙar buƙata ba tare da ta sani ba.

Ana iya gane inda ma'aunin ya samo ƙarfi. A 2007 kafofin labaran duniya suka ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da ƙarfi a Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarafa, har ya ɗan ɗaga daga ƙasa. Nasa aikin injiniya ne na haƙiƙa, kuma daidai ne a tambaye shi ko ya tashi. Matsalar ita ce an ɗauki wannan tambaya an mai da ita mudun awon duk wani yaro mai hannu. Sai yaron da baiwarsa ta ido ce, wanda ya iya sa gwangwani ya yi kama da ƙarfen da ya sha rana shekara ashirin, ya fahimci cewa ba wannan ake so daga gare shi ba. Ya watsar da kamanni ya koma fafutukar batir da farfela. Ƙarshenta ya fito da injin da bai kai inji ba, ya kuma yi asarar abin da ya fi kowa iyawa. Bayan mako biyu masu yabon sun koma kan wani bidiyon.

A dubi abin da gwanin motar gwangwani yake yi a zahiri. Ba mota kawai yake ƙerawa ba, wata mota ce takamaimai da ya gani. Babbar motar da ke ɗaukar rake daga fadamun Rogo ce, mai bodin katako, wadda lodi ya sa ta karkata gefe guda, da rubutun hikima a goshinta, da taɓo a ƙasan ƙofa, da bokitin yaron mota a rataye a baya. Ya lura cewa tsatsa daga bakin ƙusa take farawa ta gangaro. Ya lura fitila ɗaya ta fi ɗaya haske. Babu malamin da ya koya masa wannan, kuma babu jarrabawar da ke auna shi. A masana'antun fim na duniya kuwa, wannan lura ita ce ake biya da tsada, domin ƙaramin samfuri ba ya yaudarar ido sai an sa masa tsufa da datti a inda suka dace.

Yadda kyamara ke mai da ƙaramin abu babba ba sihiri ba ne, lissafi ne da ɗalibin sakandare zai iya riƙewa. Kyamara ido ɗaya gare ta, saboda haka ba ta san nisa ba, girma kawai take gani. Idan aka ajiye motar gwangwani taku biyu daga gare ta, mutum kuma ya tsaya taku talatin a baya, aka daidaita su a layi, mai kallo zai ga mutum tsaye kusa da babbar mota. Sharaɗin shi ne na kusa da na nesa duk su fito tangaran, kuma a nan wayar talaka ta fi babbar kyamarar sinima sauƙin sha'ani: ƙanƙantar idonta na sa kusan komai ya fito sarai, daga abin da ke gabanta har bishiyar da ke ƙarshen gona. Sai a kwantar da ita a ƙasa, daidai inda idon mutum zai kasance da a ce tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba.

Saura motsi, wanda shi ne ke tona asirin ƙaramin abu. Babbar mota idan ta faɗa rami takan yi jinkiri kafin ta kife, ta gwangwani kuwa kafin ƙiftawar ido ta faɗi, nan take ido ya gane abin wasa ne. Maganin da masu wannan sana'a suka daɗe da sani shi ne a ɗauki hoton da sauri sannan a nuna shi a hankali, kuma akwai ƙa'ida. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa. Idan samfurin ya gaza ainihin abin sau 16, sai a nemi lambar da idan an ninka ta da kanta za ta ba da 16, wato 4, a ninka 24 da ita: hoto 96 a daƙiƙa. Wayoyi da dama da ake sayarwa a Farm Centre a Kano suna ɗaukar 120. Hatta hazon hunturu, da kowa ke kuka da shi, alheri ne a nan. A ɗakunan ɗaukar fim na Amurka hayaƙi ake busawa da gangan tsakanin ƙananan gine-gine don na baya su dusashe su yi kamar suna da nisa. A Zoza daga Disamba zuwa Fabrairu kyauta ake samun wannan. Abu biyu ne kawai ba sa yarda a ƙanƙantar da su, ruwa da wuta, domin ɗigon ruwa ba ya rage girma don an rage girman kwalekwale. Wanda ya gwada sau ɗaya zai gane, ya nemi dabara.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar komai ya motsa da kansa: a ɗauki hoto, a ɗan gusa abin, a sake ɗauka. Hoto 12 sun isa daƙiƙa ɗaya, 720 minti ɗaya, 3,600 fim na minti biyar. Jarin wannan haƙuri ne da rani mai tsawo, kuma ƙauye bai rasa ko ɗaya ba.

Da irin waɗannan dabaru aka gina finafinan da 'yan boko ke ambata idan suna son kushe Kannywood. Ƙaton jirgin yaƙin da ya cika allo a farkon Star Wars na 1977 bai kai mita ɗaya ba, kuma waɗanda suka ƙera jiragen fim ɗin sun yi ta ɓalle ɓangarorin tankoki da jiragen ruwa na roba, irin na wasan yara, suna mannawa. Steven Spielberg ya fara ne da ɗaukar karon jiragen ƙasansa na wasa da kyamarar mahaifinsa. Peter Jackson na New Zealand ya shafe shekara huɗu yana yin fim ɗinsa na farko, Bad Taste na 1987, a ranakun hutun ƙarshen mako tare da abokai, yana gasa fuskokin dodanni a murhun mahaifiyarsa. A 2004 kashi na uku na The Lord of the Rings ya ci kyautar Oscar 11, kuma da yawa daga biranen da ke cikinsa samfura ne da aka sassaƙa da hannu.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce waɗannan Turawa ne, da wutar lantarki da iyaye masu hali. Wanda ya faɗi haka bai san Moustapha Alassane ba, kuma rashin sanin nasa abin kunya ne ga duk mai da'awar kishin fim ɗin Hausa. An haife shi a Nijar a 1942, ya fara da aikin kanikanci. Tun yana yaro, kafin ya san sinima sosai, yake yanka siffofi yana haska su da fitila a bayan ƙyalle don nishaɗantar da mutanen garinsu, irin majigin kwali da yaran Kano ma suka yi a zaurukan unguwa. Daga baya ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren, ya yi La Mort de Gandji a 1965, wanda ake lissafawa cikin finafinan zane masu motsi na farko a Afirka kudu da Sahara. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, labarin kwaɗon da ke shugabancin ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki, inda ya yi wa sababbin shugabannin Afirka shaguɓe da fensir. A shekarar dai ya yi Le Retour d'un aventurier, kan saurayin da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka addabi ƙauye. Wato tun shekara sittin da suka wuce wani ɗan Nijar ya yi fim a kan abin da kallon fim ke yi wa matasan karkara. A 1977 ya yi Samba le grand da 'yan tsana da ya ɗinka, ya kuma yi Kokoa, wanda sunansa ma kalmar kokawa ce, inda ƙananan dabbobi ke kokawar gargajiya a fage. Ya zauna a Tawa, cikin ƙasar Adar, yana da masaukin baƙi, yana ci gaba da aikinsa a can nesa da babban birni. Ya rasu a 2015. A 2017 gidan adana fasahar zamani na MoMA a New York ya nuna jerin finafinansa. Da wuya a sami makarantar sakandare ɗaya tsakanin Karaye da Rogo da aka taɓa haska ko minti biyar na aikin mutumin nan, alhali da kayan da ke zube a bayan kowane aji ya yi shi.

Ba shi kaɗai ba ne. A unguwar Wakaliga ta Kampala, Isaac Nabwana, wanda da bulo yake bugawa, ya yi Who Killed Captain Alex? a 2010 da kuɗin da ba su wuce dala 200 ba, kuma mai ƙera masa bindigogi da jirage daga tarkacen ƙarfe, Dauda Bissaso, sunansa ya zaga duniya tare da na daraktan. A Kaduna, matasan da ke kiran kansu The Critics sun fara finafinan almarar kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle, labarinsu ya fita duniya a 2019, a 2020 kuma J.J. Abrams, wanda ya ba da umarnin biyu daga finafinan Star Wars, ya aiko musu da kayan aiki. Daga Kaduna zuwa Rogo tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota.

Abin takaici shi ne Kannywood kanta 'yar wannan gida ce. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni ne suka haife ta, samarin da suka ƙoshi da finafinan Indiya da na 'yan Chana a Plaza da Marhaba suka ce su ma za su gwada. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda aka saki a 1990, aikin masu sha'awa ne da kyamarar bidiyo irin ta ɗaukar biki. Sunan Kannywood ma sai a ƙarshen shekarun 1990 ya bayyana a mujallar Tauraruwa. To amma masana'antar ta girma ta fuskar jarumai da mawaƙa da 'yan kasuwa, ta bar masu ƙera duniyar da labari zai zauna a ciki. Shi ya sa fim ɗin Hausa ya maƙale a falo: kujeru, labule, ƙofar gida mai gate, mota a harabar wani attajiri da aka ara. Ana yawan ɗora laifin a kan marubuta, a ce ba su san komai ba sai soyayya da kishiya. Marubuci kuwa yana rubuta abin da ya san za a iya ɗauka ne. Wa zai rubuta ranar da dakarun Kanar Morland suka taso daga Zariya suka fasa ƙofar Bebeji a farkon 1903, kafin su ci Kano ran 3 ga Fabrairu, alhali ya san babu ganuwar da zai nuna? Wa zai rubuta isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, ko rayuwar lebura a gindin dalar gyaɗa, ko labarin iyalin da gonarsu ke ƙarƙashin ruwan madatsar Challawa a Karaye tun da aka kammala ta a 1992? Duk waɗannan wurare sun tafi. Hanya mafi araha ta dawo da su gaban ido ita ce a gina su a kan tebur, da laka da kara da buhunan da ba su fi ƙwayar gyaɗa girma ba. Mai Martaba, wanda Nijeriya ta miƙa wa gasar Oscar a 2024, ya nuna akwai masu ƙishin fim ɗin tarihi da Hausa, amma furodusa nawa ne za su iya kwasar ɗaruruwan mutane da dawaki zuwa Daura?

A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai da dama suka yi ca, cikin ɗan lokaci aka janye. Tun daga nan labarin ya zama abin jimami a bakin 'yan boko: da an bari, da yanzu an wuce wurin. Wannan jimami yana ɓoye wani zato da ya kamata a tuhuma, wato cewa fim daga gini yake fitowa. Da an gina ƙauyen, wa zai cika ɗakunansa? Ina masu sassaƙa, ina masu fenti, ina waɗanda suka yi shekara goma suna koyon yadda haske ke sauka a kan bangon ƙasa? Ƙasar nan cike take da gine-ginen gwamnati da aka ƙaddamar da kaɗe-kaɗe, jemagu suka gaje su. Masu adawa da aikin sun ji tsoron abin da zai shigo, masu goyon baya sun yi mafarkin kwangila da na'urori, kuma babu ɓangaren da ya waiwayi yaran da ke ƙera biranen kara a ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka da filin.

Ita kuwa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, tun kafuwarta a 2001 harshenta ɗaya ne: rajista, lasisi, dakatarwa. An ga zamanin Abubakar Rabo, lokacin da aka ɗaure Adam A. Zango a 2007 da Hamisu Lamido Iyan-Tama a 2008. An ga dakatar da finafinai masu dogon zango 22 a watan Mayun 2025, har da Labarina da Daɗin Kowa. Ko mutum na ganin tacewa wajibi ce, ya kamata ya lura da saƙon da ke isa ƙauye: kyamara abu ce da ke jawo hukuma. Uban da ke Zoza bai karanta dokar ba, kuma ba zai bambance ɗan kasuwar fim da ɗansa mai ɗaukar motar gwangwani ba. Abin da ya sani shi ne 'yan fim suna shiga uku, don haka gara a ce yaron injiniya ne.

Akwai masu kawo hujjar addini, kuma ta cancanci a amsa ta da natsuwa. Saɓanin malamai kan sura ya shafi abin da ke da rai ne. Tirela da ganuwa da rumbu da tashar jirgin ƙasa ba sa cikin wannan babi ko a wurin masu tsanantawa. Game da 'yan tsana kuma, hadisin kayan wasan Nana A'isha, har da doki mai fukafukai, sananne ne a wurin ɗaliban ilimi. Hasali ma, wanda damuwarsa da Kannywood ita ce rawa da cakuɗuwar maza da mata, ya fi kowa dalilin maraba da fim ɗin da jaruminsa motar rake ce.

Hujjar talauci ta fi nauyi. Yaron da ake jira ya tafi gona ko ya kai rake kasuwa ba shi da sararin ɗaukar hoto 720 don minti ɗaya, kuma cajin waya ma kuɗi ne a garin da wuta ba ta zama. Gaskiya ne. Sai dai masu wannan hujja ba sa kawo ta idan yaron ƙwallo yake bugawa har magariba. Kuma sha'awar da ba ta kawo kuɗi yau ba ita ce ke zama sana'a gobe in an bar ta ta nuna: kafinta, mai walda, mai zanen gini, mai shirya dandalin fim, duk hannu ɗaya ne.

Sabuwar hujja ita ce ta ƙirƙirarriyar basira: me ya sa za a wahala da kara alhali kwamfuta na iya zana birni cikin minti ɗaya? A gwada a ce mata ta zana garin Hausa na ƙarni na sha tara. Sau da yawa abin da za ta bayar haɗin gambiza ne na Maroko da Timbuktu da finafinan Amurka, domin da hotunan da suka fi yawa a intanet aka horar da ita, kuma rumbun ƙasar Rogo ba ya cikinsu. Ba ta san yadda zanko ke tsayawa a kusurwar soro ba, ba ta san inda ake jingine galma ba. Yaron ya sani, domin ta gabansu yake wucewa kullum. Idan ma za a yi amfani da na'urar, wanda ya gina abin da hannunsa shi ne zai gane inda ta yi ƙarya.

Likita ko lauya ko malamin jami'ar da ya fito daga wannan yanki, wanda ke zuwa gida da Sallah, ba ya buƙatar jiran gwamnati. Abin da yaron ke nema bai kai kuɗin man zuwa da dawowa ba: ƙafar ɗora waya don hoto ya daina rawa, batirin ajiyar caji, gam, fenti kala uku, da wani babba da zai zauna ya kalli abin da aka ɗauka har ƙarshe, ya ce a sake wannan wurin domin inuwar hannu ta fito. Shugaban makaranta na iya ba da bangon aji da daren Alhamis. Masarautar Karaye, wadda Karaye da Rogo ke ƙarƙashinta, na iya sa gasar gina tsohon gari a kan tebur cikin shagulgulan Sallah, a sa dattawan da suka san yadda kasuwa da ƙofofi suke a da su zama alƙalai. Furodusan da ke kukan tsadar wurin ɗaukar fim na iya hawa mota ya je ya ga abin da ake yi da gwangwani kafin ya sake aron falon wani.

Lokacin yin hakan gajere ne a kowace shekara. Kara yana samuwa daga Nuwamba, yana bushewa yadda ake so a tsakiyar hunturu. Motar da aka ƙera a Janairu, in ƙanne ba su taka ta ba, gara za ta shige ta kafin Mayu, ruwan farko kuma ya ƙarasa abin da ya rage. Daga nan masu ƙerawar suna gona har kaka.